Rassan Marke a Hanyar Gwarzo

Malam Hammadu bai yi taku ɗari da barin kwalta ba ya ji ƙarar. Burki ne ya fara, doguwar ƙara mai tayar da tsikar jiki, sannan ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Jakinsa ya tsaya cak. Shi ma ya tsaya, idonsa a kan damin ganyen da ke bayan jakin, domin tun kafin ya waiwaya zuciyarsa ta gaya masa abin da ya aikata.

Ganyen na marke ne, ɗanye sharaf, kuma a kan titin Gwarzo ya tsince shi, reshe bayan reshe a jere. Ba wai bai san ma'anarsa ba. Wa bai sani ba? In mota ta lalace, direba kan saro rassa ya jera a bayanta don mai zuwa ya rage gudu. Amma direbobin ƙasar nan, Allah ya shirye su, ba mai kwashe nasa in ya tashi. Sai ganye ya kwana uku a hanya, motar kuwa ta daɗe da isa Kano. Hammadu ya duba gabas da yamma bai ga mota ba. A gida, can Gude, tumakinsa sun rame, bazara ta cinye ciyawa, dusa kuma a wannan shekara ta matsi ta fi ƙarfin talaka. Ya kwashe rassan tas, har yana godiya ga Allah. Kwanar da ke gaba ce kawai bai leƙa ba, tunda hanyarsa ta ratse kafin nan.

Ya ɗaure jakin a bayan wata kuka, ya koma da sassarfa.

Bayan kwanar ga babbar mota tsaye da buhunan masara, ga bas ɗin 'yan kasuwa ta cusa kai a ƙarƙashinta. Ana ta zaro mutane ta taga. A gefen hanya an shimfiɗe wata mata, an ja mayafinta an rufe mata fuska. Hammadu ya gane mijinta, Maikuɗi na Dugabau, wanda ya tashi a gabansa. Maikuɗi bai yi kuka ba. Wuyan rigar direban babbar motar ya riƙe, ya murɗe.

Direban, wani siririn mutum mai suna Zailani, hannunsa baƙi ƙirin da mai, rantsuwa kawai yake yi. Ya ce a ƙarƙashin motar yake yana gyara, amma kafin ya shiga sai da ya jera ganye tun daga bayan kwana, da hannunsa ya saro. Aka tura mutum biyu su dubo. Suka dawo suka ce titi fes, ko tsinke babu.

Nan fa wuri ya hargitse. Wani jami'in kiyaye haɗurra da ya iso a kan babur ya tambayi Zailani ina jar alamar nan mai kusurwa uku da doka ta ce kowace mota ta riƙe. Zailani ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da ita. Jami'in aikinsa yake yi, amma tambayar ta ƙara wa wutar mai. Wani ɗan hisba ya shiga tsakani yana cewa yanzu fa akwai shari'a, a bari a kai shi gaban alƙali. Ba wanda ya saurare shi. Samari sun fara ɗibar duwatsu daga gefen titi, wani kuma daga baya yana tambayar wa ke da ashana.

“Ka kashe ta, kuma kana yi wa Allah ƙarya,” in ji Maikuɗi, murya can ƙasa.

Tsoro ya kama Hammadu, irin wanda bai taɓa ji ba a shekarunsa sittin da 'yan kai. Ba wanda ya gan shi yana kwasa. In ya juya yanzu, kafin la'asar yana gida, maganar kuma ta mutu ke nan. Ya juya ɗin. Ya bi ta cikin jama'a a hankali, wani ma har ya matsa masa yana cewa a ba Baba hanya. Yana kwance igiyar jakin ya jiyo ihun Zailani, dutsen farko ya same shi.

Ya daɗe riƙe da igiyar. Hanyar Gude na hannun dama, shiru, babu kowa a kanta. Sai ya ja jakin hagu.

Da ƙyar aka buɗa masa, mutane na mitar tsohon da ya rasa inda zai bi da jaki sai nan. Ya tsaya a gaban Maikuɗi, ya kwance damin, rassan suka zube a kan kwalta, saran adda a gindin kowanne fari tas.

“Ga ganyensa,” ya ce. “Bai yi ƙarya ba. Ni na kwashe.”

Maikuɗi ya dubi rassan, ya dubi tsohon. Yatsunsa suka saki wuyan rigar.

“Baba Hammadu? Kai?”

Zailani ya zube ƙasa yana kuka, jini na bin kunnensa, ba wanda ya ƙara bi ta kansa. Idanu duk sun koma kan tsohon, duwatsun kuwa har yanzu suna hannu.