Rabin Fim ɗin Baba Maitama

Bayan la'asar ne, hadari ya haɗo ta gabas ya ƙi zubowa, sai zufa da ƙudaje. A ɗakin Baba Maitama, nan Kaura Namoda, hoton fim ɗin da ke cikin waya ya sake tsayawa cak inda ya saba tsayawa.

"Taɓa shi," in ji tsohon daga kan katifar da ciwo ya kwantar da shi.

"Baba, ko na taɓa, nan yat tsaya," in ji Armiya'u, maƙwabcinsa mai shagon caji da tura fina-finai. "Rabi nis samu anka ɗauke sabis."

Shekarar da aka katse layukan waya a Zamfara ke nan, babu inda za a sauko da sauran. Fim ne na yaƙi da aka fassara da Hausa. An ɗauko wani sojan haya ya ƙone ƙauyen wata ƙabila, ya ƙone. Daga baya abin ya hana shi sakat, ya koma ƙauyen ya ajiye bindigarsa gaban wani dattijo. Dattijon ya buɗe baki zai yi magana, nan hoton ke daskarewa.

Armiya'u mutum ne mai sanyi, ko akuya ba ya kora da ƙarfi, amma Baba ya kai shi bango. Kullum ya rufe shago, ya riƙe waya har hannu ya sage, a kalli abu ɗaya, a ƙare da faɗa.

Inna Lauratu, matar gidan, ta dire kwanon kunu. "Mutane na cikawa da salati, kai za ka cika da wani ƙaton kafiri mai gemu. Sha kunu, Malam."

"Ba ni sha. Mi tsohon nan yac ce mai?"

Armiya'u ya sosa ƙeya. "Wani direban Shinkafi ya ga ƙarshen. Wai ya yafe mai."

"Da wace kalma?"

"Cewa yay yi, ba komai."

"Ƙarya ka iya, ita ma ba ka iya ba. Ba komai ai na wanda ka taka wa ƙafa ne cikin kasuwa. Ko dai ya ce na yafe, ko bai yafe ba."

Unguwa ta san abin da ke cin Baba, ba a dai faɗa. Lokacin yana Birnin Tsaba, ƙauyuka kan aiko a ɗauke shi da bindigarsa in za a far wa ruga. Cikin rugagen da aka ƙone akwai ta Jaji, Bafillacen da yanzu yake sayar da itace a bakin gari.

Da tari ya lafa, Baba ya ce, "Aje wayar ga. Tai ka kira min Jaji."

Sai da Armiya'u ya yi sawu har ya gaji kafin Jaji ya yarda. Ya zo washegari da hantsi, ya cire takalmi, ya tsuguna nesa da katifa, sandarsa a kafaɗa.

"Jaji, ina hanya," in ji Baba, muryar ta dushe. "Ka yafe min."

Jaji ya dubi tabarma. "Ba komai, Maitama. Allah shi ba ka sauƙi."

Baba ya juya fuskarsa bango.

Armiya'u ya bi Jaji zaure, ransa a ɓace. "Baffa, don Allah. Kalma guda ce, ba ta rage ka da komi."

"Na shanu na yafe tun tuni," in ji Jaji yana sa takalmi. "Na jinin ƙanena ba nawa ba ne. Can za ya, shi tambaye shi da kai nai."

Daga ranar Baba bai ƙara neman fim ba. Inna Lauratu da ta yi ta mita ita ce ta koma cewa, "Kunna mai abin nan ko ya yi magana." Aka kunna, bai waiwayo ba. Ran Alhamis kafin azahar ya cika, tana maimaita masa kalmar shahada.

An yi ruwa da safe, ƙasar maƙabarta ta yi danƙo. Armiya'u na cikin masu kwaɓa laka suna toshe tsakanin itatuwan kabari, yana yi yana ƙunƙuni a ransa, bai san ko da Baba yake ba ko da Jaji. Da aka shafa fatiha jama'a suka watse, ya tsaya da hannuwa dumu-dumu da laka, yana neman yadda zai ɗauki buta.

Wani ya riga shi ɗauka. Jaji ne, bai ma ga zuwansa ba. Ya karkata butar yana tsiyayo ruwa a hankali, Armiya'u yana cuɗa yatsu, jar laka na gangarewa ƙasa. Da ruwan ya ƙare Jaji ya kife butar a gindin geza, ya gyara sandarsa, ya bi hanyar bakin gari.