Kujerar Gaba a Motar Roscoe

Duk unguwar Englewood babu wanda Cleophus Tillman ya tsana kamar Roscoe Pettway, kuma in za a faɗi gaskiya ba tsana ba ce, kishi ne tsagwaronsa. Cleophus direban bas ne, ya tsufa a kan sitiyari, ko sau ɗaya ɗan sanda bai taɓa tsayar da shi ba. Roscoe kuwa tare suka taso, amma rabin rayuwarsa a gidan yari ya yi ta saboda ya harbi mutum. Wai yau shi wata ƙungiya ta ɗauka aiki, ta ba shi riga mai ruwan lemo, yana bin layi-layi yana shiga tsakanin samari kafin su zaro bindiga. Da Cleophus ya nemi jin dalili, sai aka ce ai yaran ba sa sauraron wanda bai ɗanɗana abin da suke ciki ba. Ka ji fa! Ashe zaman kurkuku ma takardar shaida ce.

Da a 'ya'yan mutane abin ya tsaya, da sauƙi. Amma Kendrell, ɗan Cleophus tilo, in uban ya kira wayarsa sai ta yi ta ringi har ta gaji, in Roscoe ne kuwa jiki na rawa yake ɗauka, har da "Kawu". Abin ya ci Cleophus har wata rana ya tare Roscoe a bakin ƙofa, ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a gidan, ɗansa yana da uba. Roscoe bai musa ba, ya juya ya tafi.

Sai aka harbe Dontay, aminin Kendrell, a gaban shagon wanki.

Ranar jana'iza, bayan an dawo daga maƙabarta, jama'a suka sauka ɗakin ƙasa na coci cin abinci. Mata na zuba soyayyar kaza da makaroni da burodin masara. Samarin duk sun sa fararen riguna masu hoton mamacin. Kendrell kaɗai ne ya ɗora jaket a kan tasa, ga zafi kamar a gasa mutum. Cleophus ya lura aljihun dama ya rinjayi na hagu, ya gane bindiga ce a ciki. Kowa a ɗakin ya san layin da maharban suka fito, tafiyar ƙafa ce.

Ya ja yaron gefe. Ya yi masa maganar Allah, ya yi masa maganar uwarsa, ya tuna masa irin wahalar da ya sha a kansa. Kendrell dai idonsa na kan ƙofa.

"Baba, ba za ka gane ba," ya ce. Ya zare hannunsa a hankali.

Wannan magana ta fi mari ciwo. Can ƙarshen ɗaki ga Roscoe a tsaye da faranti, yana kallonsu, bai matso ba, tunda an ce masa yaro yana da uba. Cleophus ya ji kamar ya shaƙe shi. Ya tsaya yana jira ko mutumin zai zo da kansa ya raba shi da kunyar roƙo, amma ina! Kendrell har ya fara hawa matakala.

Haka Cleophus ya ratsa tsakanin tebura, mutane na kallo.

"Roscoe, yana ɗauke da ita. Ka bi shi."

"Kai ka ce, Cleo?"

"Ni na ce. Don Allah."

Roscoe ya ajiye farantin ya haura da sauri. Cleophus ya bi su ya tsaya a bakin ƙofar coci. Bai ji abin da ake faɗa ba. Ya dai ga Roscoe ya ɗaga riga ya nuna tabon da ke cikinsa, ya ga ɗansa yana ta da jijiyar wuya, sannan ya ga kafaɗunsa sun sauka. Yaron da rabon uban ya ga hawayensa tun yana firamare, sai ga shi ya kifa kai a ƙirjin wani ƙato yana kuka. Cleophus ya gode wa Allah, kuma kishi ya turnuƙe shi, duka a lokaci guda.

Roscoe ya dawo da jaket ɗin a naɗe a hammata. Ya ce unguwar ba za ta zaunu ga yaron ba sai ƙura ta lafa, zai kai shi wurin yayar shi Roscoe ɗin a garin Milwaukee yanzu-yanzu, shi kuma ya dawo ya nemi samarin wancan layin. Cleophus ya ce shi ma ai yana da mota. Roscoe ya sunkuyar da kai, ya ce yaron ne ya zaɓa.

Kendrell ya shiga kujerar gaba. Tun yana ƙarami uban yake fama da shi a kan ɗaura bel ɗin kujerar mota, faɗa har a gaban mutane, bai taɓa ji ba. Roscoe ya ta da mota, ko kallonsa bai yi ba, ya nuna bel ɗin da haɓa kawai. Yaron ya ja ya ɗaura.

Cleophus ya ɗaga hannu. Motar ta wuce layin maharban ba ta tsaya ba, shi kuma bai sauke hannun ba sai da ta sha kwana.