Saura Mutum Biyu

Da sassafe 'yar Yaya ta kira. "Inna, ki zo yau. Ta daina cin abinci, ke kawai take ta kira."

Mai ɗinki ta lulluɓe kekenta da zani, ta bar rigar mutane da hannu ɗaya, ta suri jaka. Yaya ce ta goya ta bayan rasuwar uwarsu, ita ta koya mata riƙon almakashi. Yanzu tana kwance a asibitin babban gari, tafiyar rabin yini.

Motocin cikin tasha sun fi ƙarfin abin da ke ƙulle a haɓar zaninta. Amma a bakin titi, bayan rumfar masu faci, akwai wata bas mai araha da aka ɗaure ƙofar bayanta da igiya. Ta leƙa, ta ga kawuna ko'ina.

"Saura mutum biyu!" in ji ɗan kamasho, wani mai furfura da tawul a wuya. "Shigo, uwar ɗakina, ke muke jira."

Ta biya, ta shiga. Wata tsohuwa ta matsa ta bar mata gefen taga.

"Zauna nan, 'yata, ni iska tari take sa ni. Ki dai kula da wayar kujerar nan, babu ɗuwawun da ba ta ɗanɗana ba a garin nan."

Mai ɗinki ta yi dariya, ta farko tun da aka kwantar da Yaya. Tsohuwa ta ciro mangwaro daga leda, ƙanana masu zaƙi kamar zuma. Suka sha har ruwan ya gangaro musu gwiwar hannu. A nan mai ɗinki ta ba ta labarin Yaya kaf, har yadda take hana kanta abinci ta ce ta ƙoshi.

"Allah Ya sa ki same ta," in ji tsohuwa, tana kallon ƙasa.

Hantsi ya dubi ludayi, rufin mota ya ɗauki zafi, guminta ya manne da ledar kujera. Wani ya zo da buhu ya shiga. Sai mutumin da ke gaba ya ce bari ya kama ruwa, bai dawo ba. Wata ta zo da kaji, wani ma ya sulale. Ɗan kamasho kuwa yana nan yana ta "saura mutum biyu".

Mai ɗinki ta bi mutanen da kallo. Yawancinsu ba su da ko ƙullin kaya, kuma ba mai ƙorafi.

"Iya, ke ina za ki?"

Tsohuwa ta daɗe tana goge hannu. "Ba inda za ni. Zama ake biyan mu mu yi, don a ga kamar mota ta cika. In na gaskiya ya zo, ɗayanmu ya sauka."

"Kika zauna kina jin labarin Yayata?"

"In na buɗe baki, gobe ba ni da kujera. Akwai masu jira na a gida su ma."

Mai ɗinki ta sauka a fusace ta tare ɗan kamasho. "Ba ni kuɗina."

"Kuɗinki yana cikin tanki, an sha mai da shi. Wa ya ce miki ba za a tafi ba? Gaggawa kike, da kin hau jirgin sama."

Masu faci suka bushe da dariya. Ba ta da kuɗin wata motar, dole ta koma ta zauna. Ba ta ƙara duban tsohuwa ba. Idonta na kan titi, duk wanda ya gifta da jaka sai ta yi fatan ya shigo.

Rana ta take lokacin da wata yarinya mai goyo ta tsaya a jikin tagarta. Ba ta ko saurari ɗan kamasho ba.

"Baba, don Allah ke zan tambaya. Da gaske yanzu za a tashi? Jikin yaron nan ya yi zafi, asibitin babban gari aka tura mu. In da saura, in lallaɓa cikin tasha."

Mai ɗinki ta dubi kan yaron da ya langaɓe a bayan uwarsa. Ta dubi kujerun. Kowane kai ɗaya na matso da ita kusa da Yaya.

"Yanzu za mu tashi," ta ce.

Tsohuwa ta miƙe ta ba yarinyar wurinta, ta sauka ba sallama.

Sai da rana ta yi sanyi motar ta cika, aka tura ta kafin ta tashi. Da suka bar gari hadari ya sauko. Iska mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta shigo, gonakin ayaba suna wucewa shar da su, mutane suka yi ajiyar zuciya. Rufin ya fara yoyo, mai kaji ta kifa roba a ka, aka yi ta yi mata tsiya.

Ana cikin dariyar wayarta ta yi ƙara.

"Inna," in ji 'yar Yaya, muryarta a dashe, "ki taho a hankali. Ba sauri kuma."

Ba ta san ta saki wayar ba. Yarinya mai goyon ce ta tsinto ta, ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta.

"Yi haƙuri, Baba. Alhakinki na wuyan mutanen can. Mu duka suka yaudara, marasa imani."

Ƙafar yaron na kan cinyar mai ɗinki, zafinta na ratsa zani kamar dutsen guga, ko kuka ba ya iya yi. Ta ɗago kai, ta share fuska da bayan hannu.

"Direba!" ta ce da ƙarfi. "Taka motar nan mana. Akwai mara lafiya."