Izinin Shekara Ɗaya

Mineko ce mai takardun gidan. Shekara goma sha tara da ta yi tare da Osvaldo a ɗan gidansu na Hamamatsu, a ƙasar Japan, duk takarda mai hatimi ta hannunta take bi. Shi kam, duk da kakanninsa daga Okinawa ta nan Japan suka yi ƙaura zuwa Brazil, kuma ya share shekara talatin yana haɗa sassan babur a garin nan, har yau in ya ga rubutu ya yi yawa sai ya ce idonsa na ƙaiƙayi. Magana dai ya iya ta, har da wadda ba a tambaye shi ba. Duk unguwa Ozu-san ake ce masa.

Ba su da takardar aure. Matarsa ta fari ta bar shi tun kafin ya zo Japan, ta ɓace a São Paulo, ba a san inda take ba balle ta sa hannu a rabu. Maƙwabta sun yi ƙananan maganganu shekara biyu, suka gaji, suka koma kiran Mineko uwar gidan Ozu-san.

Da ya yi ritaya sai ya ce zai zaga nasa kafin gwiwa ta ƙi: ɗansa a Kanada, 'yarsa a Fotugal da ta haihu bai ga jikar ba, sannan tsohuwarsa a Londrina, can Brazil, mai shekara tamanin da tara. Mineko ta baje takardu a teburin cin abinci har mako shida. Ta nemo bizar Kanada, ta nemo ta Amurka don kawai zai sauka ya canja jirgi, ta kai shi ɗaukar hoto sau biyu saboda ya ƙi daina murmushi. Babu abin da ya kuɓuce mata, kuma wannan shi ne abin takaicin, domin ba za ta taɓa cewa ba ta sani ba.

Baƙo mai izinin zama na dindindin hanya biyu gare shi in zai fita ya dawo. Ko dai ya je ofishin shige da fice ya karɓi izinin dawowa da ke kaiwa shekara biyar, ko kuma ya yi 'yar alama a kati a filin jirgi, a ba shi shekara ɗaya, wadda ba a ƙara ko yini a kanta in yana waje. Osvaldo ya taɓa ji a bakin abokan aiki, ya tambaye ta ko ya je ya karɓi babban.

"Wata uku za ka yi, tsoho," in ji ta, tana goge tukunyar shinkafa ba ta ko dube shi ba. "Me za ka yi da shekara biyar? Gida za ka gina a can?"

"Wa ya sani, Mine-chan. An ce 'yan matan Londrina na son mai furfura."

"To a gaishe su. Ka ce musu kana minshari."

Ya yi dariya, maganar ta wuce. Amma ba ƙiwar zuwa ofis ba ce ta sa ta faɗi haka. Tsoro take ji. Ta san yadda yake tsayawa a bakin taga lokacin sanyi yana 'yar waƙa da harshensu, ta san yadda muryarsa ke buɗewa in yana waya da gida, kamar ba shi ne mai yi mata magana ba. Ta ƙissima shi zaune cikin dangi, ga rana, ga nama a kan wuta, ga shekara biyar a aljihu, ta ga wata uku ya zama shida, shida ya zama sai wata rana. Ba ta da takardar da za ta riƙe shi da ita, sai ta riƙe shi da ta hukuma. Da fensir ta zana masa a wata 'yar takarda akwatin da zai yi wa alama, ta sa a fasfo ɗinsa.

Ya tashi ranar tara ga Mayu. Hotuna suka yi ta zuwa: ga shi cikin rigar ɗansa da ta yi masa yawa, ga shi rungume da jika yana kuka ba kunya. A Londrina ya tarar da tsohuwa a kwance. Ya ce zai ƙara wata ɗaya, ya sake ƙara wani, Mineko ba ta hana shi ba, domin wa zai ce wa mutum ya bar uwarsa a wannan hali. A wata na takwas da tafiyarsa tsohuwa ta rasu. Ya tsaya aka yi abin da ake yi, aka raba kayan ɗakinta, ya yanki tikitin dawowa na ƙarshen Fabrairu.

Saura kwana biyar ya taso ƙanwarsa Neide ta kira. Ta taɓa aikin masana'anta a Gunma, nan Japan, shekara huɗu, sai da guntun harshen ƙasar da ya rage mata ta yi bayani: ya faɗi a banɗaki, jini ya toshe a kai, ɓarin dama ya mutu, baki ya karkace. Yana raye. Likita ya ce tafiyar awa talatin a jirgi ba yanzu ba, ba kuma nan da wata uku ba.

Mineko ta ɗauki hutun rabin yini daga shagon abincin da take aiki, ta je wurin wani mai shirya takardun baƙi kusa da tashar jirgin ƙasa. Mutum ne mai kirki, ya ba ta shayi, ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce da babban izinin Ozu-san ya karɓa, da babu abin da zai tashi hankalin kowa. Na shekara ɗayan nan kuwa in ranar ta wuce, izinin zaman ma ya tafi da ita. Sai dai ya nema daga farko kamar wanda bai taɓa taka ƙasar ba, a tambayi lafiyarsa, da abin da zai ci, da wanda zai tsaya masa. Sannan ya jawo takarda ya tambaye ta, cikin ladabi, me za a rubuta ita ce a wurinsa. Ta duba jerin: mata, ɗa, iyaye, ubangidan aiki. A ƙasa akwai "wani daban". Nan ta nuna da yatsa.

Ranar tara ga Mayu ta zo kamar kowace rana. Ta je aiki, ta cika akwatunan shinkafa ɗari da wani abu, ta gaisa da masu saye, ta dawo ta kasa cin komai.

Washegari da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da Neide ke gama ba shi abincin yamma a can, ta kira. Fuskarsa ta fito a wayar, ta rame, gefe ɗaya a sake. Ya riga ya sani, Neide ta faɗa masa. Ya yi ƙoƙarin yin barkwanci, wai shekara talatin sun tafi bai ko yi musu rakiya ba. Kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya, da ƙyar.

Mineko ta roƙi Neide ta ɗan ba su wuri. Ta kwana biyu tana shirya yadda za ta faɗa, amma da ta buɗe baki sai ya fito a tsaye.

"Ozu-san, ba mantuwa na yi ba. Na san da na shekara biyar ɗin, na san ya fi. Da gangan na hana ka. Tsoro nake ji kada ka zauna."

Ya dube ta. Ya ɗaga hannun hagu ya goge gefen bakinsa.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Tun ranar. Har na je ƙofar ofishin, Mine-chan... na juyo." Ya tsaya ya huta. "Shekara goma sha tara... ba ki taɓa ce min kada in tafi ba. Ranar kika ce. Daɗi na ji."

Ta sa hannu ta toshe bakinta. Neide ta leƙo ta ce lokacin magani ya yi, kuma ya gaji. Kafin ta karɓe wayar ya tambaya, a hankali, ko ita Mineko tana da fasfo.

Ba ta da shi. Ita da ta nemo masa izinin shiga ƙasa biyu ba ta taɓa wuce Osaka ba, nan cikin Japan.

"Zan yi," ta ce. "Ka jira ni."