Kasaken Ruwan Sadaka

Hankaki ne suka fara faɗowa. Daga kan darbejiyar gidan Alhaji a Nassarawa GRA sai ka ji tim, ka waiga ka ga tsuntsu kwance, wuya a murɗe, ido a buɗe. Ɗahiru mai kula da shuke-shuken gidan ya share da safe, kafin la'asar wasu sun zubo.

A gindin katanga, daf da ɗakin da yake kwana da matarsa Hasiya mai girkin gidan, kasake ne jere cike da ruwa. Alhaji ya ajiye su tsuntsaye su sha, ladan ya kai ga mahaifiyarsa marigayiya. Ba a zubarwa, ƙari kawai ake yi, don ya ce ruwan sadaka ba ya komawa ƙasa. Da damina ta yi nisa ruwan ya koma kore, yana motsi da kansa.

Sai Ɗahiru ya kwanta. Aka ce maleriya ce, aka ɗirka masa magani, a banza. Wuya ya sanƙare, ƙafar hagu ta daina ɗaukarsa. Ranar da ya dubi Hasiya ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" ta kai shi asibiti.

Bayan gwaje-gwaje wata nas, Loretta, ta ja ta gefe.

"Mama, wannan cutar a jikin tsuntsaye take. Sauro ya ciji tsuntsu, ya zo ya ciji mutum. Akwai ruwa kwance kusa da ɗakinku?"

Hasiya ta ba ta lambar wayarta, ta ja mayafi, ta tari adaidaita.

Ta iske Alhaji a rumfa yana jan carbi. Lambun shiru, ko kurciya babu.

"Alhaji, tashi za ka yi ka je ka ga Ɗahiru da idonka. Sannan a fasa kasaken nan."

"Hasiya, a yi haƙuri. Ciwo na Allah ne. Wannan kuwa ladan Hajiya ne."

"Hajiya tana kabarinta, Allah ya ji ƙanta. Ɗahiru yana kan gado bai san sunana ba. Da jinin mijina kake aika mata ladan?"

"Kada ki taɓa su."

Ta shiga kicin ta fito da taɓarya. Kaskon farko ya tarwatse, sauro ya tashi baƙi ƙirin kamar hayaƙi. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya gangaro har gaban takalmin Alhaji, ƙananan tsutsotsi na wutsil-wutsil a ciki. Ya janye ƙafa, ya kasa ɗauke ido.

Wayarta da ke ɗaure a bakin zani ta ɗauki ƙara. Ba ta iya karatu balle ta gane mai kira, amma mutum ɗaya ta ba lambar yau.

Ta kwance wayar, ta miƙa masa.

"Ungo. Kai za ka amsa."