Bikon Jar Mota

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo mini shi. Ni Tanimu mai fentin mota ne. Akwai wata tsohuwar mota ƙirar Italiya a garejinmu, ja, mai kujera biyu, gajeriya har sai ka durƙusa kafin ka shiga. Ta marigayi mahaifin Hajiya Turai ce, ita kuma so take a tashe ta yadda ya bar ta. Wanta, Alhaji Sabitu, ya ce fentin ya koɗe, a kankare shi a fesa sabo mai ƙyalli. Da yake shi ne babba, maganarsa ta zauna, aka tsayar yau da safe za a sa samfefa a fara kankarewa. Da wannan na kwanta, raina ba daɗi.

Sai na gan ni a wani gari inda ruwan sama ke tasowa daga ƙasa. Kowa ya kifar da lemarsa ya shiga ciki ya tsaya, titi kuma yana tafiya da su a hankali. Ban yi mamaki ba. Na naɗe ƙafar wandona, na jira titin ya kawo ni inda za ni.

Ya sauke ni gindin wata tsamiya. Ga jar motar nan a kan bulo, ba fitilu, ba salansa, bonet a buɗe. Kusa da ita Baba Ilu ne zaune, maigidana da ya koya mini aiki, wanda ya rasu tun ina saurayi. Yana goge sifana da bakin rigarsa kamar yadda ya saba.

"Ka makara, Tanimu," in ji shi.

"Baba, ina kayanta?"

"Sun yi yaji. Sun ji ana cewa za a kawo sababbi daga kasuwa. Ɗauki ƙwaryar goron nan, biko za mu."

Muka fara da kafireta. Mun same ta a unguwar masu niƙa, ta kama aiki a jikin injin wata mata, tana niƙa barkono tana atishawa. Baba Ilu ya cire hula, ya tsuguna, ya ajiye goro. Ya gaishe ta, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, bai taɓo maganar da ta kawo mu ba sai da ta gama buhu guda.

"Ba zan koma ba," ta ce. "Shekara nawa ina shan gurɓataccen mai ban yi ƙorafi ba? Yanzu don na yi tari sau biyu sai a ce na tsufa?"

"Kin fi mu gaskiya," in ji Baba Ilu. "Amma injin motar bai san numfashin kowa ba sai naki. Tare aka haife ku."

Can ta ce a ba ta minti biyu ta ɗauko kayanta. Wallahi na ga makanikai da yawa a rayuwata, masu bugu da masu zagi, amma ban taɓa ganin wanda ƙarfe ke jin kunyarsa ba sai mutumin nan.

Fitilun kuwa sun samu aikin farin wata a sama. Suna karɓeɓeniya, ta hagu ta fito yau, ta dama gobe. Baba Ilu ya jingina tsani a jikin gajimare, ya hau da goro a aljihu, ya sauko da su a hammata. Wani mai gadi ya biyo shi yana cewa to su kuma da me za su ga hanya. Baba ya ba shi aron tocila.

Salansa a gidan biki muka tarar da ita, tana yi wa 'yan rawa amshi. Ita ba ta ba mu wahala ba. Ta ce dama muryarta ta fi ƙarfin wurin.

Sai ga mu a ofis. Wata akuya ce a bayan tebur, da tabarau, da mayafi a kafaɗa. Aikinta ta ɗanɗana kowane ƙarfe ta faɗi ko na asali ne. Ta lasa kafireta, ta gyaɗa kai. Ta lasa fitilu, ta lumshe ido. Da aka zo ɗaura salansa sai aka ga noti ɗaya ya ɓace. Na laluba aljihuna na fito da sabo fil, girmansu ɗaya, na miƙa.

Akuyar ta sa a baki, ta tofar.

"Wannan bai taɓa ganin teku ba, ba daga Italiya ya zo ba," ta ce.

"Ranki ya daɗe, noti ne fa. A ƙarƙashin mota yake, wa zai gani?"

"Motar."

Baba Ilu ya miƙe. Ya ari rariya wurin wata mai tuwo, ya zauna yana tankaɗe ƙasar garin, unguwa bayan unguwa. Gemunsa ya yi tsawo har ya naɗe shi a wuya. Daga ƙarshe notin ya fito, baƙi ƙirin da tsatsa. Ya wanke shi da kananzir, ya hura masa iska, ya ɗaura da yatsu kafin ya sa sifana. Kunya ta kama ni, kuma daɗi ya kama ni, don na tuna a hannun wa na tashi.

Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari ɗaya, sannan ta saki murya. Ba ihu ba ne irin na motocin yaran yanzu, wani gurnani ne mai kauri da kake ji a ƙirji kafin ya iso kunne. Ruwan da ke hawa sama ya tsaya cak a tsakiyar hanya yana saurare.

Na waiga, sai ga Hajiya Turai a kujerar gefe, ta koma 'yar shekara bakwai, da kitso biyu, amma jakar hannunta ta manya tana kan cinyarta. Ta fito ta zagayo ƙofar direba. A saman ƙofar akwai wuri kamar faɗin tafin hannu inda jan ya koɗe ya koma ruwan hoda.

"Nan Baba yake ɗora gwiwar hannunsa," ta ce. "In zai kai ni makaranta." Ta kwantar da kumatunta a wurin.

Na ce, "Baba Ilu, to shi fentin fa? In ya tafi, ina za mu je bikonsa?"

Ya dube ni yadda yake duban almajirin aiki da ya riƙe guduma ta kai.

"Kafireta tana da inda za ta. Fitila tana da inda za ta. Shi wannan in ya tashi, ƙura yake zama. Ba shi da gidan da za ka kai goro."

Bai rufe baki ba sai ga Alhaji Sabitu, fuska a sake, cikin babbar riga ta samfefa, an yi mata aiki har ƙasa. Ya yi sallama, ya gaisa da akuya, ya ce kai, masha Allah, mota ta tashi. Ba shi da mugun nufi ko kaɗan. Murna ce ta ɗebe shi, ya buɗe hannuwa ya rungume motar.

Ƙurrr.

Jan garin fenti ya zubo a kan takalminsa. Ya gyara hannun riga zuwa kafaɗa, ya sake runguma. Ƙurrr. Yana matsowa wajen ƙofar direba, yarinyar kuma ba ta ɗaga kanta ba. Na ce, "Alhaji, tsaya!" amma muryata ta fito ta bi ruwan sama ta yi sama. Na yunƙura in ruga, titin ya ja ni baya. Baba Ilu ya miƙo mini ƙwaryar goro, na duba, ba ko ɗaya a ciki.

Ƙurrr. Ƙurrr.

Na buɗe ido. Gari ya waye, Hansatu matata ce a tsakar gida tana kankare ƙanzon tuwon jiya da cokali.

"Hansatu, don Allah dakata!"

"Ikon Allah. Tukunyar tawa?"

Na lalubo waya, na kira Garzali abokin aikina, wanda aka bar wa kankarewar. Ta yi ta ringi kafin ya ɗauka. Na kasa kunne in ji ko akwai ƙarar samfefa a bayansa.

"Garzali, ka fara?"

"Kai, Tanimu, yi haƙuri," ya ce, bakinsa cike. "Wallahi ko garejin ban isa ba, na tsaya shan koko."

"Zauna nan. Ka ƙara kofi biyu, ni zan biya. Kada ka taɓa motar nan sai na ga Alhaji."

Shekara da shekaru ina faɗa da Garzali kan makara. Yau da yana kusa, da na rungume shi.