Ragar Inna Dela

"Halidu, ɗaga salular sama! Rezo ya tahi!"

Fatsima ce ta yi wa mijinta tsawa daga ɗakin maƙwabciyarsu, Inna Dela. Halidu na tsaye bisa turmi a tsakar gida, hannu ɗaya dafe da katanga, ɗayan riƙe da wayar yana neman sabis. A can Kwatano ɗiyarsu Mardiyya na cikin 'yan matan Nijar da ke buga wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta matasa. A nan Tamaske kuwa Inna Dela na kwance bisa tabarma, tun shekaranjiya ko kunu ba ya wuce mata. Ta dai ce ba inda za ta sai ta ji yadda aka ƙare.

"Mi anka ciki?" in ji tsohuwar, murya kamar zare.

"Sun hi mu da ɗaya, Inna," in ji Fatsima, tana yi mata fifita.

Gidan ya cika. Matan da suka daina gaida Fatsima a rijiya don ta bar ɗiya mace tana tsalle da wando, yau su ne a gaba, har da guɗa a shirye a baki. Fatsima ta gan su sarai, ba ta ce musu ko sannu ba.

Lokacin da ake wancan tsegumi, Dela kaɗai ta tsaya wa yarinyar. Sana'arta saƙar ragaya, wadda mata ke rataye ƙwaryar nono cikinta a ɗaki. Da malamin lakwal, makarantar boko, ya kafa zoben ƙarfe a jikin gawon bayan gidanta, ita ta saƙa masa raga da igiyar rama. Sai dai ta ƙulle gindin tamau. Malamin ya yi bayani har ya gaji cewa ƙwallon ta ƙasa take fita.

"Ban saƙa abin da ba shi riƙe kaya," in ji ta. "In kun zuba, ku ɗauko."

Ba wanda ya iya sa wuƙa a aikinta, ga ta zaune kullum a ƙofa tana kallo. Don haka duk ƙwallon da ta shiga sai an yi tsalle an doke ta daga ƙasa ta fito. Mardiyya ce doguwar cikin yaran, aikin ya zama nata. Tana gunaguni, tsohuwar na mata ba'a: "Tashi sama, kishiyata, ko hura ta cika miki ciki?" Haka aka yi ta yi har ranar da masu zaɓen 'yan wasa suka gan ta a Tawa, suka tambayi wanda ya koya mata tsalle.

"Rezo ya dawo!" Halidu ya yi ihu. "Lokaci ya kusa! Sakina ta jefa, ɗiyar Damagaram ɗin nan... ta kuskure! Wayyo!"

Fatsima ta ji hannun Dela ya matse nata.

"Mardiyya ta tashi! Wallahi ta hi su duka! Ta cahe!"

"Ta jefa mana!" wata ta ce daga bakin ƙofa.

"Sun tare ta, su biyu... ta maida ma Sakina... ta shiga! Ta shiga! An busa!"

Halidu ya diro daga turmi, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Guɗa ta tashi har awaki suka tsinke igiya. Fatsima ba ta fita ba. Ta sunkuya daidai kunnen tsohuwar.

"Inna, mun ci. Kup ɗin namu na."

"Ita ta zuba?"

"A'a. Ta ɗauko ta ba 'yar'uwarta."

Dela ta lumshe ido. "Ta yi hankali."

Halidu ya shigo da gudu ya durƙusa, ya kawo salular gaban fuskarta. Ga 'yan matan sun rungume juna sun zama dunƙule ɗaya, Sakina a wuyan Mardiyya, tuta a kafaɗunsu, mai horar da su na share hawaye da hula. Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Ba yaran take dubawa ba, wani abu ne a bayansu.

"Waccan ita ta ragar tasu?"

"Ita ce, Inna."

"Hudajja." Ta ja numfashi. "Babban gari guda, an rasa mai ƙulle musu gindi."

Fatsima ta yi dariya har hawaye suka zubo mata. Tana cikin sharewa ta ji hannun da ke cikin nata ya saki. Halidu ya ajiye salular, ya matso yana maimaita kalmar shahada, leɓun Dela na bin sa a hankali har suka tsaya. A waje ba a sani ba tukuna, ana ta guɗa.

An kai ta kafin magariba. Mutanen da suka taru don wasa su suka raka ta, liman ya ce ya daɗe bai ga sahu irin wannan ba.

Da safe Fatsima ta zaga bayan gidan Dela zubar da toka. Yaran unguwa sun yi wasan murna jiya, wani ya jefa ƙwallo ta shiga, an rasa mai tsawon da zai fito da ita. Ƙwallon na nan zaune cikin ragar Inna Dela, iska na ɗan kaɗa ta. Fatsima ta ɗaga muciya za ta zunguro ta, sai ta fasa. Mardiyya na tafe ran Juma'a.